Wayoyin Da Suka Wuni A Shagon Shpresa

"Lindita, zo nan!" Bardhyl ya nuna allon kwamfuta da yatsa. "Waɗannan ɗige-ɗigen direbobina ne?"

"Su ne, Baba."

Da ta dawo garinsu Elbasan daga babban birni Tirana da digirinta, ita ta saka manhajar a kamfaninsa na kai saƙonni: oda, motoci, hanyoyi, duk a allo guda. Tun ranar direbobin suke kiranta Farfesa, suna sara mata in ta wuce. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta sunkuyar da kai ba. Uban ma ya ce ƙarshen wata zai cire abin, ta koma Tirana neman aiki.

Ga shi yau ɗige-ɗigen sun cure a shagon gahawar Shpresa, tun safe ba su motsa ba.

"Ashe abin naki gaskiya yake faɗa!" Ya figi hularsa. "Duk sai na kore su, har Qemal!"

Yabon farko ke nan da ta samu, ya kuma yi mata daɗi. Sai dai ta san Kawu Qemal, ko a gidan makoki ba ya iya zama wuri ɗaya. Ta hau keke ta bi lungu, ta riga uban isa.

Babu direba ko ɗaya a shagon. Wayoyinsu ne a jere bayan farantin byrek, gasasshen burodin ƙasar mai cuku a ciki.

"Kawunki ya ce in riƙe masa, wai sun cika gulma," in ji Shpresa. "Kin ci abinci kuwa, 'yar nan?"

Kafin ta amsa Bardhyl ya shigo yana huci. A bayansa motar Qemal ta tsaya, duk taɓon ƙauyukan kan dutse, babu saƙo ko ɗaya da ya rage a ciki.

"Daga ina, malalaci? Na gan ka a nan tun safe!" Bardhyl ya daka wa Qemal tsawa.

"Ni? Kai suruki, giya ka sha da rana tsaka?"

Da Lindita za ta yi shiru, da manhajar ta zauna daram. Ta ɗaga farantin.

"Ga waɗanda ka gani, Baba. Mutanenka suna kan hanya."

Bardhyl ya dubi wayoyin, ya dube ta. "To ina amfaninta?"

"Ka cire ta in ka ga dama. Amma Tirana ba zan koma ba."

Qemal ya sosa ƙeya. Ya lalubo tasa wayar, ya goge mata maiƙo da gefen riga, ya jefa a aljihun ƙirji.

"Wa ya ce a cire? Barin ta kawai na yi, ta kusa cinye ni." Ya matso kusa da Lindita, ya rage murya. "Akwai wata tsohuwa a ƙauyen Gjinar, ba ta sakin mutum sai ya sha gahawa. Ki ce wa abar nan in ta ga na daɗe, ta yi shiru."

"Ita ba ta iya shiru ba, Kawu," in ji Lindita, tana gutsurar byrek. "Ni ce na iya."