Garin da Na Cire wa Gogayya

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, kuma na san abin da ya jawo shi. Yau da safe ne ake jira na a wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse don gwajin ɗaukar aiki. Tun da na gama karatun Fiziks da bautar ƙasa nake zaune a gida, ba abin da na taɓa gyarawa sai rediyon Baba, shi ma bai ƙara magana ba. Da fargabar nan na kwanta.

Sai ga ni a wani gari inda mangwaro idan ya nuna sama yake faɗawa. Mutanen garin sun ɗaura gidan sauro a saman kowace bishiya, da yamma su hau tsani su kwaso. Ban yi mamaki ba. Na gyara hulata na shiga ofishin da ke gabana.

Manajan wani jan bunsuru ne mai tabarau. Na miƙa masa takardar digirina, ya gutsiri gefenta, ya tauna a natse.

"Ba laifi," in ji shi. "Gishiri ne dai ya yi kaɗan. Me ka iya, Nafi'u?"

"Ranka ya daɗe, na san abin da ke riƙe wata a sama."

"Wata bai taɓa kawo mana ƙara ba. Zo mu je."

Sai ga mu a gindin wani tudu. Ga amalanke ɗauke da tankin ruwa, ga jaki, ga mai jakin, wani dattijo da ake kira Malam Ɗanjuma. Manaja ya ce in na faɗa musu yadda tankin zai kai saman tudu, aiki ya zama nawa.

Zuciyata ta yi fari, domin irin wannan tambaya mun sha ta a aji. Na tsuguna na fara lissafi a ƙasa da tsinke, na buɗe da kalmar da kowane ɗan ajinmu ke buɗewa da ita.

"Mu ɗauka babu gogayya tsakanin taya da ƙasa."

Ashe a garin nan duk abin da ka ce a ɗauka, ɗauka ake yi. Nan take ƙasa ta koma kamar an malale ta da miyar kuɓewa. Mai shayi ya wuce mu da teburinsa, yana ci gaba da firfita wuta. Wata mata ta wuce a zaune bisa turminta, ta ce mana sannunku da aiki. Masallacin unguwa ma ya ɗan matsa gabas.

Ni kuwa lissafi ya yi daɗi, ban ko ɗaga kai sosai ba.

"Mu ɗauka jakin ɗigo ne, ba shi da tsawo ba shi da faɗi."

Jaki ya zama ɗigo. Malam Ɗanjuma ya lalubo shi da ƙyar, ya ɗora a tafin hannu. Kukansa na fita siriri kamar na sauro.

"Yaro," ya ce, "shekara da shekaru muna tare da shi. Yanzu ina zan ɗaura masa igiya?"

"Baba, ka yi haƙuri, haka lissafin ya fi sauƙi."

"To, Allah ya ba lissafi lafiya."

Na fitar da amsa mai kyau, har na ja mata layi biyu a ƙasa. Da na waiwaya, amalanken ta zame ta bar garin. Manaja ya zo wucewa a kan kujerarsa, yana juyawa a hankali.

"Masu digiri da yawa sun zo kafin kai," ya ce. "Kowa ya cire abin da ya dame shi ya tafi. Wani ya cire nauyin mangwaro, ka ga inda muke. Kai ka tuna abin da ka cire?"

Kujerar ta yi gaba da shi, aikina na tafiya tare da ita. A nan ne tsoro ya kama ni sosai.

Sai dai na tuna. Malaminmu Dakta Sambo ba ya duba amsar ɗalibi sai ya faɗi duk abin da ya yi watsi da shi kafin ya same ta. Mun tsine masa a ɓoye ba adadi. Na miƙe a kan santsin nan, na ɗaga murya.

"A dawo da gogayya! A dawo wa jaki da jikinsa, har da wutsiya!"

Gari ya tsaya cak. Shayi ya ɗan zube. Jaki ya dawo a tafin hannun Malam Ɗanjuma, suka zauna tare a ƙasa. Da aka turo amalanke, na bar tsinken, na taka hanyar da ƙafata, na ji inda yashi yake da inda marmara take. Na tambayi dattijon ko jakin ya ci abinci, ya ce rabonsa da dusa tun jiya. Muka ba shi, muka rage ruwan tankin, muka bi gefen marmara. A hankali muka kai sama, ina turi ta baya, gumi har cikin idona, raina fes.

Manaja na can yana jiran mu, ya cinye takardar tawa saura hatimi.

"Karatunku bai koya muku tura amalanke ba," ya ce. "Amma ka san abin da ka zubar, ka kuma koma ka ɗauko. Ka fara gobe. Mangwaron ma ka duba mana shi."

Ya miƙo kofato mu gaisa, sai ya buɗe baki ya yi tari, ƙyar-ƙyar-ƙyar, ya sake yi.

Na buɗe ido. Baba ne a tsakar gida yana ta buga wa tsohon babur ɗinsa kik, babur ya ƙi tashi.

"Nafi'u! In kana son ka isa wurin mutanen nan da wuri, fito ka tura!"

Na fito na dafa bayan babur ɗin. Na danna ƙafata a ƙasa, na ji ta kama daram, na tura.