Baƙi a Fadamar Inna

Masak ta ɗaure kwale-kwalenta a bakin teku, ta hau tudu da bokiti biyu, sai ta tsaya cak. Fadamar cike take da baƙi masu manyan takalman roba da kyamarori masu dogon baki, kowa ya dasa ƙafa a kan akpik, ƙananan 'ya'yan itace masu zaƙi da ke nuna dab da ƙasa. 'Ya'yan itacen nan ba sa daɗewa, ƙarshen bazara suke nuna su wuce, kuma wurin sirrin gidansu ne tun kakanni. Ga Inna can a kwance, ƙafa ta daina ɗaukarta, kullum tambayarta ɗaya: yaushe za a kwaɓa mata akpik da kitsen barewa?

Abin takaicin, wanda ke gaba yana nuni da yatsa ƙaninta ne, Tulugak, ɗan rakiyar masu kallon tsuntsaye.

"Kai Tulugak, wa ya aike ka ka kawo su nan?"

"Yaya, a hankali mana," ya ce da raɗa. "Wani tsuntsu ne iska ta jefo daga Siberiya. Dattijon can ya tsufa yana nemansa."

"To sai ka kwaɓa wa Inna tsuntsun ta ci! Dubi ƙasan takalminka, duk akpik ne, mara kunya."

Wata baƙuwa ta juyo, ta ɗora yatsa a leɓe, wai Masak ta yi shiru. A fadamar uwarta! Masak ta leƙa ta ga abin da ake wa wannan ladabi: ɗan mitsitsin tsuntsu mai launin ƙasa, ko loma guda bai kai ba, yana tsattsagar laka abinsa. Ranta ya ɓaci iya ɓaci. Ta ɗaga bokitan nan ta gwara su da dukkan ƙarfinta.

Tsuntsu ya tashi fir. Baƙi suka yi ta surutai da yarensu, dattijon har da dafe kai, ita kuwa zuciyarta ta yi sanyi. Tsuntsun ya yi wajen teku kamar ya tafi ke nan. Sai ya karkato, ya ƙetare ɗan tafkin da ke tsakiyar fadamar, ya sauka a hayin can, inda akpik ya fi girma, inda ƙafar kowa ba ta kai ba tukuna.

Baƙi suka saɓi kayansu, suka kwasa a guje. Masak ta yar da bokitai ta bi su tana ihu, ba wanda ya waiwayo. Tulugak ne kaɗai bai motsa ba, domin shi ma ya san sauran akpik ɗin Inna a hayin tafkin yake.