Ƙwayar Borin Jini

Shekarar da ruwa ya dawo bayan farin da ya gigita Kwandiko, Ishiyaku ya samu dawa har maƙwabta na zuwa kallo. Sai dai shi da girbi ba sa ga maciji. Da ƙaiƙayin dawa ya taɓa shi sai borin jini ya taso, jiki ya yi rudu-rudu, ya yi ta susa kamar mai ƙazuwa.

Ya hau akori-kura zuwa Birnin Kudu. Wani disfensa ya ƙunsa masa 'yan ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa a takarda, ya ce, "Ɗaya za ka sha, Malam. Tana sa barci, kada ka sha in kana da aiki."

Ishiyaku ya ce to, amma a ransa dariya ya yi. Mutumin da ya tashi da jiƙon sassaƙe, wanda ake cika ƙwarya a sha sai ciki ya ɗauka, shi za a ce abin da bai kai ƙwayar wake ba ya ishe shi? Ai wannan awon yara ne.

Dammunan dawarsa na jibge a gona, ba a kai rumbu ba tukuna. Yadda aka saba, mai gona kan ƙone ciyawar da ke kewaye da su kafin wutar mafarauta ta iso, yana tsaye da ɗanyen reshe yana bugun duk harshen da ya kauce. Da hantsi Ishiyaku ya watsa rabin ƙunshin a baki, ya kora da kunu, ya ƙyasta ashana. Wuta ta kama a hankali, yadda yake so. Sai ƙafafunsa suka yi nauyi, ya ce bari ya ɗan jingina da kuka.

Matarsa Kubura ce ta tashe shi, da kwanon tuwo a hannu. Ko murya ba ta ɗaga ba.

"Malam, tashi ka gani."

Inda dammunan suke, baƙar toka ce ke hayaƙi. Ya rarrafa ya tona da hannu, ko zai samu zangarniya ɗaya da ta tsira. Babu. Ya tuna yadda bara suka riƙa dafa wa yara dusa.

Kubura ta dubi damatsansa, sumul, ko ɗigon ƙurji babu.

Ta ce, "Maganin dai ya yi aiki."

Ta rufe tuwon, ta juya da shi gida, don na yara ne yanzu.