Gurbin Sunan Direba

Ni da hannuna na hana allon nan maɓallin gogewa, don haka ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Manaja ne ya ce, "Injiniya, duk abin da aka shigar ya zauna daram. Na gaji da masu gyara zance bayan ta ɓaci." Na ce an gama, har ina wani hura hanci.

Kamfaninmu na dakon kaya ne, tirela arba'in. Babban allon kwamfuta da ke bangon ofis da can kallonsa kawai ake yi. Aikina shi ne in buɗe masa gurabe, ma'aikata su riƙa shigar da rahoton hanya da kansu: lambar mota, sunan direba, rana, abin da ya faru.

Mai irin aikinmu ba ya miƙa abu sai ya gwada shi da bayanan ƙarya. Ranar Litinin na cika layi uku da ka, ina hamma. Ranakun ma na gaba na zuba, don in ga ko zai karɓa. Ya karɓa.

Na farko: mota ta bakwai, taya ta fashe, Talata. Talata da hantsi taya ta fashe. Na yi dariya. Na biyu: mota ta sha tara, kaya sun jiƙe, Laraba. Ko gajimare babu, amma bututun ruwa ya ɓalle a wurin lodi. Nan dariya ta ƙare.

A layi na uku sunan Yayana na saka, don shi ya fara zuwa mini. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, da sitiyari ya kai ni jami'a. Na rubuta: bai iso ba, Alhamis.

Na kira shi. "Yaya, don Allah kada ka fita gobe."

"Auta, kin koma duba ne?" Ya yi dariya. "Kaya na kan mota. Ki dai yi mini addu'a."

Na shiga can cikin rumbun bayanan na goge layin. Kafin in ɗage yatsa ya dawo. Rana ta ƙi motsi, lambar mota ma haka. Gurbin direba kaɗai ke buɗewa, domin na san direbobi kan yi musaya. Na share sunan Yaya. Jan rubutu ya fito, wanda ni na tsara kalmominsa: Dole a zaɓi direba.

Sunaye talatin da tara suka zubo. Duk na san su. Na ji tsoro, na kuma ji kunyar Allah, amma na zaɓa.

Alhamis da safe zazzaɓi ya kwantar da Yaya. Dogo, wanda kullum yake ce mini ƙanwarmu, shi ya ɗauki motar.

Yau Asabar. Matar Dogo na zaune a bencin ofis da goyo, tana kallon allon da ba ta iya karantawa.

"Ƙanwarmu," ta ce, "an ce ke kika haɗa abin nan. Duba mini, me ya ce a kansa?"

Na duba. A ƙarshen layin akwai ɗan gurbin da manaja bai ma nema ba, ni na ƙara shi don burgewa: wanda ya yi gyara na ƙarshe. Sunana ne a ciki.