Barcin Ladan

Shekara ashirin da biyu Malam Nata'ala yana ladanci a wani ƙaramin masallaci kusa da Ƙofar Mazugal, bai taɓa makara ba. Gaskiya ba tsabar ibada ce kaɗai ba, mutumin ba ya samun barci ne. Da matarsa ta rasu abin ya ƙazanta. Idanunsa suka yi jawur, yana cikin aikinsa na dukanci sai ya soke yatsa da basilla.

Maƙwabcinsa Gwadabe, tsohon sojan da ya yi yaƙin Bama, ya nuna tausayi. Ni dai ban taɓa ganin Gwadabe ya tausaya wa mutum a banza ba, ga shi ƙanensa Ilu ya daɗe yana kwaɗayin ladancin nan.

"Malam, ga wani ganye da muka sani a can," in ji Gwadabe. "A dafa kaɗan a kunu da man shanu, sai barci."

"Ba ya bugarwa dai ko?"

"Haba Malam! Ni zan ba ka abin maye?"

Nata'ala ya sha, ya yi barcin da rabonsa da irinsa tun yana saurayi. Bai farka ba sai da hantsi. Ya ji kunya ƙwarai, ya ce ya daina, amma daɗin barcin ya rinjaye shi. Kwana huɗu Ilu ne ke kiran asuba.

Rana ta biyar Gwadabe ya je gun liman yana sharar ƙwalla, wai wiwi ya gani a ɗakin ladan. Aka duba, ga ta cikin ƙwarya. Nata'ala ya rantse bai san mece ce ba, Gwadabe ne ya ba shi. Amininsa Baffa kaɗai ya gaskata shi, ya yi ta jayayya da mutane. Aka ƙone ganyen, aka ba Ilu ladanci.

Rashin barcin ya dawo fiye da da. Bayan mako guda Nata'ala ya sami Gwadabe a dandali, bayan la'asar, cikin dattawa. Ya durƙusa ya raɗa masa:

"Don Allah, ko ɗan kaɗan."

Gwadabe ya ɗaga murya. "Jama'a ku shaida! Wai in samo masa wata. Maimaita musu, Malam, ba su ji ba."

Nata'ala ya dubi Baffa. Baffa ya sunkuyar da kai, ya ja buzunsa ya matsa gefe.