Ranar da Suka Wuce Tashar Asibiti

Kafin ciwo ya kwantar da shi, babu baƙon da zai ci abinci a gidan Injiniya ya tashi bai sha labarin jiragen ƙarƙashin ƙasa ba. Aikinsa ke nan tun yana saurayi, kula da fitilun sigina a hukumar jirgin garinsu, kuma lokaci-lokaci akan tura shi kwas ko taro a wata ƙasa. Mazan wasu su dawo da turare da yadi, shi kuwa ya dawo da taswirar tashoshi da surutu. A Tokyo kaza, a Mosko kaza. Matarsa, wadda unguwa duka ke kira Tela saboda kekenta na ɗinki da ba ya hutawa, ta ji labaran nan har ta haddace su. Da ya fara sai ta ƙara wa keken wuta, yara kuma su sulale ɗaya bayan ɗaya.

"Ke dai ba kya son ilimi," yakan ce mata.

"Ina so mana, Malam. Ci abincinka dai, kada ya huce kafin jirgin Tokyo ya iso."

Bai daɗe da yin ritaya ba, wata safiya kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa, shi ma ya bi kofin. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi tare da shi. Likitoci suka ce hankalinsa garau yake, kalmomin ne ke maƙalewa a hanya. Zai so ya ce ruwa, sai ya ce ƙofa. Ranar da ya gai da surukinsa da "cokali", kowa ya yi kamar bai ji ba, amma daga nan ya ja bakinsa ya tsuke.

Gida ya yi tsit. Tela ta ga abin mamaki: ashe ba ta iya ɗinki a cikin shiru. Sai ta zauna gaban keke da riga a cinya, ƙafarta ta ƙi motsi.

Duk mako suna zuwa asibiti wajen wata mata mai tabarau da ke koya wa irinsa magana. Malamar ta taɓa janye Tela gefe ta ce, "Mama, katunan hotunan nan nawa ba su ne za su buɗe masa baki ba. Ki ja shi da hira kan abin da yake so." Tela ta gwada. Ta zauna bakin gado ta ce, "Malam, ba ni labarin Mosko mana." Ya dube ta, ya gane tausayi ne, ya juya fuskarsa ga bango.

Mijin autarsu ne ke kai su a mota. Ran nan motar ta kwana a gareji, Auta ta bugo waya tana ta ba da haƙuri, ta ce su ɗauki tasi. Tela ba ta manta da tasin da suka hau a baya ba, yadda direban ya ciccibi mijinta kamar buhun siminti ya cusa shi a baya. Ga tashar jirgi a ƙarshen layinsu, kuma akwai lif.

"Jirgi za mu hau," ta ce masa.

"A'a." Wannan kalmar dai ba ta taɓa ƙwace masa ba.

Ta san abin da yake gudu. Ba ya son wani tsohon abokin aiki ya gan shi a keken guragu, baki a karkace. Ta gyara masa wuyan riga, ta goge masa gefen leɓe da hankici. "In mun haɗu da wanda ka sani, ni zan yi maganar. Ai ka san na iya."

Lif ɗin yana warin sabulun wanke ƙasa. Mai tikiti ta buɗe musu babbar ƙofa ba tare da ta ɗago kai ba, Tela ta ji daɗin haka. A ƙasa, iskar da ke riga jirgi isowa ta buso daga cikin rami, ta ga hannunsa na hagu ya damƙe hannun keken. Da ƙofa ta buɗe, ƙaramar tayar gaba ta maƙale a ratar da ke tsakanin tarago da dandamali. Wani mai fenti, kayan aikinsa duk ɗigon fari da kore, ya ajiye bokitinsa ya ɗaga gaban keken. Tela ta taka birkin keken, ta zauna a kujerar da ke kusa. Injiniya ya kafa wa takalmansa ido.

A tasha ta gaba mutane suka yi ta turereniya. Mai fenti ya rungume bokitinsa yana tsaki.

"Wannan ai wasa ne, ɗan nan," in ji Tela. "Maigidana ya ce a Alkahira har ma'aikata ke akwai masu farar safar hannu, su riƙa tura mutane ciki don ƙofa ta rufu."

Tana rufe baki ta gane ta yi kuskure. Kafin ta gyara, ta ji murya a gefenta.

"A'a."

Ya ɗago kai. Jijiyar wuyansa ta miƙe. "To… To…"

Kalmar tana bakin harshenta. Watannin nan ta saba ƙarasa masa magana don ta rage masa wahala. Wannan karon ta cije leɓe ta jira.

"Tokyo."

"Ashe Baba ya zaga duniya," in ji mai fenti.

Tela ta gyara zama kamar ba komai. "Haka ne, Tokyo. Can ne ma tashoshinsu suke da manyan fitilu masu reto, kamar ka shiga fada."

"Mosko." Wannan ta fito da sauri, har da ɗan fushi. Ya nuna ƙasa da hannun hagu. "Zurfi. Mata… matakala. Doguwa."

Wata nas da ke zaune a gabansu, jaka a cinya, ta cire abin sauraro daga kunnenta. Ta ce ita ta yi aiki a Alkahira, kuma abin da ta fi kewa a jirginsu shi ne taragon mata, inda mace za ta tsaya ba mai matse ta.

Injiniya ya gyaɗa kai. "Tsakiya."

"Wallahi a tsakiyar jirgin yake, Baba," in ji ta tana dariya.

Mai fenti ya ce shi dai yayansa yana New York, kuma ya gaya masa nasu ba ya barci, dare da rana yana tafiya, don haka babu kamarsa. Injiniya ya karkaɗa tafin hannu, alamar da sauƙi dai. Ya kai yatsa kunne. "Ƙara." Aka yi dariya.

"Ai marar ƙara shi ne na Landan," Tela ta ce, "mai tayoyin roba kamar mota."

"Faris." Ya harare ta, irin hararar da rabonta da ita tun kafin ciwo. "Wasu… layuka. Ba duka ba."

Mai fenti ya sunkuyo. "To Baba, tsakani da Allah, a duk waɗanda ka hau wanne ya fi?"

Tela ta ga Injiniya yana tattaro kalmomi, leɓensa na motsi. A daidai nan lasifika ta kira tashar asibiti, jirgi ya fara rage gudu.

"Meziko," ya ce. "Tasha… kowace…"

Ƙofa ta buɗe. Tela ta miƙe rabi, ƙafarta a kan birkin keken. Ta san in ta tura shi yanzu, ga rata, ga lif, ga jama'a, maganar za ta zube a hanya kuma ba lallai ta sake dawowa ba. Ta dubi ƙofar, ta dubi bakinsa. Sai ta koma ta zauna. Ƙofa ta rufe.

"Kowace tasha… da hotonta. Hoton… fara. Agwagwa. Ƙararrawa." Ya numfasa. "Don wanda… bai iya… karatu ba." Ya ɗaga hannu ya taɓa nasa bakin. "Ko… irina."

Nas ɗin ta mai da ido ga taga, ko da yake babu abin gani sai bangon rami. Mai fenti ya share murya ya ce, "To ai shi ke nan, Baba, wannan ya cinye gasa."

Kaɗan-kaɗan mutanen taragon suka ragu. Nas ta sauka, ta yi masa fatan ƙarin lafiya. Mai fenti ya sauka, sai da ya ɗaga musu bokiti ta taga. Can jirgin ya fara hawa, haske ya shigo, suka fito sarari ta bayan gidaje, ga shanya a baranda, ga wani gareji cike da tsofaffin motoci. Tela ba ta taɓa zuwa ƙarshen layin jirgin nan ba.

A tasha ta ƙarshe ta turo shi waje kusa da wani benci, ta kira malamar magana ta gaya mata abin da ya faru, tana ba da haƙuri. Malamar ta ce su zo ko da yaushe ne kafin a tashi, za ta nema musu wuri, kuma in ya sake farawa kada a katse shi.

Da ta ajiye wayar, ta tarar yana kallonta.

"Kin… sani," ya ce. "Duka."

"Na farkon dai kuskure ne na gaskiya."

"Sauran?"

"Sauran ƙarya ce, Allah ya yafe mini."

Rabin bakinsa ya yi dariya, kafaɗarsa tana girgiza, har sai da ta sake ciro hankici. Ta zauna a kan bencin. Direban jirgin ya wuce su da jakarsa, zai koma ɗaya kan jirgin don juyawa. Bai san Injiniya ba, ya dai gaishe su ya wuce.

"Ke," in ji Injiniya. "Wanne?"

Duk shekarun nan bai taɓa tambayarta ba, ita ma ba ta taɓa tunanin tana da amsa ba. Amma da ta duba sai ta ga tana da ita.

"Na Landan. Ka taɓa cewa kujerunsu yadi ne aka lulluɓe su da shi, kuma zanen wani layi daban da na wani. Na daɗe ina son in taɓa yadin nan, in ji wane iri ne da dubban mutane za su zauna a kai bai yage ba."

Ya lumshe ido yana tunowa. Ya kamo bakin hannun rigarta, ya murza da babban yatsa, ya girgiza kai. "Ya fi… kauri. Kaushi. Kamar… kafet."

"Wane launi?"

Aka busa usur. Ta miƙe ta saki birki, ta ɗaga gaban keken da kanta ta tsallakar da shi ratar. Har suka zauna yana neman kalmar. Jirgi ya motsa, gidajen suka fara ja da baya.

"Shu… shuɗi."

"Shuɗi zalla, ko da ratsi?" ta ce, ta matso da kunnenta kusa da shi saboda ƙarar tayoyi.