Fitila ta Uku

Fitilu biyu Mika'ilu bakanike ya ajiye a kan buhu a ƙofar garejinsa da ke bayan Ƙofar Ran, ya koma ya tsugunna yana goge hannu da tsumman da ya fi hannun baƙi. Ɗaya babba ce, fara, faɗinta ya kai faifai. Daga jikin wata motar masu haƙar kuza da ta mutu a hanyar Jos ya ciro ta. Ɗayar ƙarama ce mai ruwan ɗorawa, gilashinta duk zane-zane.

Babayo ya tsaya a kansu riƙe da ƙugu. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana tuƙa jif ɗin ma'aikatar dabbobi ta En'e, wato hukumar gargajiya, yana kai masu allurar shanu ruga-ruga, inda hanya kan ƙare a ci gaba da bin burtali. Gadon bayansa ya san kowane rami tsakanin Bauchi da Gubi, kuma ya gaji da saninsu. Abin da bai gaya wa kowa ba, har matarsa Kubura, shi ne tun bara da zarar rana ta faɗi sai duniya ta dushe masa. Ya ci hanta, ya rambaɗa tozali, ya sha rubutu, duk a banza. Ranar da ofis ya sani, ranar za a karɓe makulli. Ga shi ya haura hamsin, kuma ba shi da garken da zai koma wa, don ciwon bushiya ya share shanun ubansa tun yana ɗan kiwo.

Dabararsa ita ce azalzala. La'asar sakaliya na yi zai fara buga ham yana cewa hadari ya haɗo, ko da sama fes take, har ma'aikata suka sa masa suna Baffa A-tashi. To, bana dabara ta ƙare. An ce lallai a gama allura kafin bikin samun mulkin kai, saura mako uku, don haka ba mai tashi daga ruga sai rana ta faɗi. Sai Babayo ya ɗora wa jif laifi, ya ce idanunta biyu sun raunana. Ofis ya ba shi takarda ya je a ƙara mata na uku.

"Ƙaramar ce taka," in ji Mika'ilu. Tare suka yi soja a ƙasar Bama lokacin yaƙin duniya, don haka ba ya tauna masa magana. "A ɗaure ta ƙasa a kan bamba, ta shimfiɗa haske gefe da gefe, ka ga kwazazzabo, ka ga kututture. Babbar ta miƙaƙƙen titi ce. Yanzu ƙarshen damina ne, ciyawa ta fi mutum tsawo. Ka haska ta a gamba, hasken fuskarka zai dawo wa. Ga cin batir."

"Babbar nake so."

"Kai dai Bafillace, ko fitila ce sai mai ƙaho."

"Gwada mini su na gani."

Suka shiga ciki. Mika'ilu ya ja ƙyauren kwano ya rufe, gareji ya yi duhu, sai ɗan hasken da ke tsiyayowa ta hujin rufi. Ya haɗa ƙaramar da batir. A idon Babayo, kamar an zuba kunu a ruwa. Ya cire, ya haɗa babbar. Nan take wani farin abu ya tokare masa gaba, idanunsa suka kawo ruwa. Amma ai fari ya fi duhu, haka ya gaya wa kansa.

"Ka ga aiki," ya ce. "Wannan ita ce fitila."

"Me ka gani a bangon can?"

Babayo ya san garejin nan kamar ɗakinsa. Ya gyara murya. "Ga tsohuwar taya, ga sarƙa, ga hular kwanonka ta yaƙi rataye a ƙusa."

Mika'ilu ya zare waya, ya tura ƙyaure, rana ta shigo. A bangon akwai taya, akwai sarƙa, akwai ƙusa. Hular kuwa tun watan jiya uwargidan Mika'ilu ta ɗauke, kaji ke shan ruwa a ciki.

Kunya ta kama Babayo har wuya. Mika'ilu ya matso, ya kama haɓarsa da baƙin hannun nan ya juya fuskarsa wajen haske, yadda yake duba fulogi.

"Yanar ido ce, Babayo. Ta fara rufe ƙwayar. Ba a jikin mota ciwon yake ba."

"Mako uku ne kawai. In an gama allura na koma tashi da la'asar."

"Baɗi fa?"

"Baɗi na Allah ne. Ɗaura mini."

Mika'ilu ya ɗauki sufana ya ɗaura babbar, bai ƙara tsokanarsa ba, kuma wannan ya fi yi wa Babayo ciwo.

Washegari suka yini a wata ruga bayan Gubi, shi da Hammajoda, malamin dabbobi, saurayi mai tsabta da son aikinsa, wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba. Shanu ɗari biyu da wani abu aka kayar aka yi wa allura. Babayo na zaune a inuwar mota yana kallon rana tana sauka, gabansa na faɗuwa tare da ita. Suka yi magariba a kan buzu, suka kama hanya.

Da suka shiga cikin gamba sai ya kunna babbar.

"Tabarkalla," in ji Hammajoda, ya gyara zama. "Baffa, wannan ai ko tururuwa sai ka ƙirga ƙafafunta. Lallai mulkin kai ya zo."

"Ya zo," in ji Babayo.

Bai ga tururuwa ba, bai ga hanya ba. Farin bango ne ke tafiya a gabansa, ƙwari na yawo a ciki. Da ƙugu yake tuƙi: nan akwai gangare, nan taya za ta hau dutse, in an ƙetare rafi a karkata hagu. Gumi ya jiƙe masa riga. Hammajoda na ta labarin tutar da aka raba musu a ofis da irin shinkafar da za a dafa ranar biki.

Kusa da Tirwun hancinsa ya jiyo wani abu da ya sani tun kafin ya san mota: ɗanyen kashin shanu da ƙurar kofato. Bai yi shawara ba, ya danne birki da dukan ƙarfinsa. Jif ta ja ƙasa ta tsaya, akwatin allura ya zame ya daki bayan kujera.

Sai ya ji muryar mace tana salati, dab da hancin mota, da kukan jariri.

"Baffa," Hammajoda ya ce a hankali, "tun daga tsamiyar can nake kallonta. Na ɗauka ka gan ta. Farin zane ne a jikinta."

Babayo ya kashe babbar. Ya fito, ya dafa mota ya zagayo gaba. Da hannu ya auna: tsakanin bamba da inda matar ke tsaye bai kai kamu biyu ba. Hasken ne ya daskarar da ita, ga ƙwarya a ka, ga goyo. Ya ba ta haƙuri da Fillanci, yaren da ya kwana biyu bai hau harshensa ba. Mijinta ya dawo daga gaban garke da sanda a kafaɗa, ya ce ba komai, Allah ya tsare, kara, kasuwar shanu, za su kai su, can bakin gari za su kwana.

Babayo ya koma ya zauna.

"Malam Hammajoda, ban gan ta ba. Ban ga tsamiyar ba ma."

Hammajoda ya juyo ya dube shi. "To yanzu yaya za mu yi, Baffa?"

"Shanu sun san hanyar gari."

Ya sa giya ta ɗaya, ya bar ƙananan fitilu kawai don kada ya firgita garken, ya leƙo da kai ta taga. Ya bi ƙarar kofato da kiran makiyayi, taku bayan taku, yadda ya yi shekara arba'in da suka wuce da sanda a wuya. Mil biyun nan suka ci musu fiye da awa. Ba wanda ya ƙara maganar shinkafa. Abin mamaki, tun bara bai yi tuƙin da hankalinsa ya kwanta kamar wannan ba.

Da safe, kafin a buɗe ofis, ya tsayar da jif a ƙofar gareji. A bakin titi leburori na kafa sanduna suna ɗaura tutoci kore da fari. Mika'ilu ya fito da kofin shayi, ya dubi motar, ya dubi bamba ko akwai jini, sannan ya dubi abokinsa.

"Ta yi haske?"

"Hammajoda ya ce ta yi."

"Uhm."

"Kwance ta, ka ɗaura ƙaramar. Ƙasa-ƙasa, yadda ka ce." Babayo ya juya makullin a tafin hannunsa. "Yau zan mayar da shi ofis. Wanda za su ba bai san ramukan Gubi ba."

Mika'ilu ya ajiye kofin, ya shimfiɗa buhu, ya kwanta a gaban motar. Can ya miƙo hannu ba tare da ya ɗago kai ba. Babayo ya tsugunna, ya laluba cikin akwatin ƙarafa, ya ba shi sufana.